Kunnen Jikana a Wayoyi Huɗu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, kuma a kaina ta sauka, shekarar da riɗi ya yi kyau har aka rasa buhunan zuba shi.

Ni ban yi boko ba, amma Allah Ya ba ni ido. A gidanmu, wani ƙauye gefen Ɗanzomo a ƙasar Sule Tankarkar, akwai al'adar da na tarar wajen uwar mijina. Ba a tsayar da sunan jariri sai tsohuwar gida ta kwance shi daga zane ta dube shi, ta faɗi wanda ya ɗauko a dangi. Wanda ya ɗauko, sunansa zai ci. Da ta rasu aikin ya faɗo kaina. Na duba jikoki har ban san iyakarsu ba, kuma ban taɓa faɗin abin da ban gani ba.

Wannan gaskiyar tawa ita ta cuci Malam, mijina, Allah Ya jiƙansa. Yana da wani ɗan rami a gaban kunnensa na hagu, ƙarami, wanda ƙwayar riɗi ɗaya za ta zauna a ciki ta cika shi. Hula ta rufe shi yana saurayi, furfura ta rufe shi da ya tsufa, ba wanda ya san da shi sai ni. Duk jaririn da aka miƙo mini, kunnen nan nake fara juyawa, ban taɓa samu ba. Malam yakan ce mini, "Ke da idon nan naki kin raba wa kowa takwara, har ƙanen babana da bai taɓa ba ni ko ɓarin goro ba. Ni kin bar ni kamar wanda ya zo duniya aro." Nakan ce masa, "In ka zo zan gane ka." Har ya koma ga Ubangijinsa bai zo ba. Ban kuma taɓa gaya wa 'ya'yana abin da nake nema ba, don na san halinsu. In na faɗa, ko a jikin ƙwarya sai sun gano mini ramin don su faranta mini rai.

To, sai autata ta haihu, namiji, can Fatakwal inda mijinta ke aiki. Likita ya hana ta doguwar tafiya, ba ta zo gida goyon ciki ba, uwar mijinta ce ta je yi mata wankan jego. Ranar Litinin ce. Surukina ya kira ni, yaro mai ladabi, ya ce, "Inna, na san al'adar gidanku. In kin duba kin ga ya ɗauko marigayi, sunansa ne. In ba ki gani ba, sunan babana zan sa. Sai dai Litinin mai zuwa ba za ta jira mu ba."

Na ce, "Ka yi adalci. Amma da wane idon zan gan shi, ni ina nan shi yana bakin teku?"

Ya ce, "Ai da waya, Inna."

Wayata 'yar ƙarama ce, mai maɓallai. Yaran yanzu suna kiran irinta da wani suna na rashin kunya da ba zan maimaita ba. Ni kuwa ban ga aibinta ba. In an yi mata caji ranar kasuwa, sai wata kasuwar ta zagayo ba ta ce uffan ba. Tana da fitila, da ita na kashe kunama a bakin randa. Ta faɗa cikin kwanon miya, na goge ta da gefen zanena, ta ci gaba da aikinta. In aka tambaye ni ko na gamsu da ita, sai in ce ban taɓa roƙonta abin da ta hana ni ba. Ashe don ban taɓa roƙonta abu mai nauyi ba ne.

Na kai ta shagon caji aka sa mata abin nan da ake kira data, aka ce hoton zai sauka. Na yi alwala, na yi la'asar, na tsince wake, sannan ta yi ɗan kukanta. Na kai ta saitin idona. Abin da na gani bai fi farcen babban yatsana ba, wani abu ja-ja a cikin fari, kamar ƙosai guda a cikin zane. Na juya ta hagu, na juya ta dama, na fita rana. Ƙosai dai. Ban yi fushi da ita ba. Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi.

Babban ɗana dillalin shanu ne a karar Maigatari. Da ya ji, dariya ya yi. Ya ce, "Inna, ki bar wannan abar wasan. Ki zo Alhamis ki ga waya. Da wayata nake sayar da bijimi ga mutumin da ke Ikko, ya ƙirga haƙoransa yana zaune a ɗakinsa. Kunnen jariri me ne ne?"

Alhamis na hau mota na tafi. Wanda bai ga Maigatari ranar kasuwa ba bai ga taro ba. Shanu, raƙuma, mutanen Damagaram da rawunansu, Fulani da sandunansu, kowa da waya a kunne yana ihu kamar yana kiran wanda ke gona. Ɗana ya shimfiɗa mini buzu a rumfarsu, ya zaro wayar, doguwa, baƙa, sumul, ba maɓalli ko ɗaya. Shafa ta yake kamar mai lallashin mage. Ya kira auta, irin kiran da ake ganin juna. Na ga rabin fuskarta, baki a buɗe, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Muryarta na zuwa gutsure-gutsure: "In... ya... jik..." Sai ɗif.

Ya ce, "Jama'a ce ta yi yawa, kowa na jan sabis ɗin."

Na ce, "Ashe rijiya ce."

Ya ce mu matsa bayan kara inda ba mutane. Muka matsa, yana gaba da waya a sama kamar mai neman wata, ina biye. Can sai ta yi ƙara, ya duba, ya dafe kai. "Innalillahi! Ta tsallaka!"

"Wa ya tsallaka?"

"Wayar, Inna. Ta kama sabis ɗin Nijar. Ga shi har ta fara turo mini Faransanci. Yanzu za ta lashe katin duka."

Na dubi wayar, tana hannunsa, ba ta motsa ba. Na ce, "Ɗan nan, abin da zai bar ƙasarsa yana tafin hannunka, ba sallama, ba abin amana ba ne."

Muka dawo rumfa da sauri don mu dawo da ita gida. Ya ce wa auta ta bar kiran, ta turo hoto kawai, na kunnuwa, kusa-kusa. Kafin nan dillalai sun ji labari sun kewaye mu, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Hajiya, in za ki duba ki fara da ƙafafu, a nan ake gane na kirki." Waya ta yi ƙara. Ɗana yana ciniki da wani, bai ko duba ba, ya ware hoton da yatsu biyu ya miƙo mini, ya ce, "Ga kunnen."

Na karɓa da bisimilla. Kunne ne kuwa, ya cika fuskar wayar. Faffaɗa, tsayayye, da gashi fari-fari a bakinsa. Idona ya kawo ruwa. Na ce, "Allahu akbar. Ramin dai ban kai gare shi ba tukuna, amma wannan faɗin, wannan furfurar, wallahi kamar Malam a shekarunsa na ƙarshe."

Dattijon nan ya leƙo ta kafaɗata. Ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya ce a hankali, "Hajiya, wannan farin bijimin Alhajin Damagaram ne. Na san shi, ni na kama masa igiya."

Rumfa ta tarwatse da dariya. Ɗana ya fizge wayar, kunya kamar ƙasa ta tsage. Hoton auta bai iso ba, na ciniki ne ya riga shi. Ni ban yi dariya ba. Na nemi gafarar Malam a zuciyata, na kuma ce da dattijon, "Bijimin yana da asali." Har rana ta yi sanyi hoton jikana yana hanya, wayar kuma ta yi zafi kamar kaskon tuya, cajinta ya ƙare. Duk da haka, da muke rabuwa, ɗana cewa ya yi, "Ba laifinta ba ne, Inna. Ranar Laraba da kin zo, kamar walƙiya take."

Daga nan na wuce Gumel, gidan 'yata ta tsakiya, malamar makaranta. Ita ba ta yarda da waya ba sam. Ta ce, "Inna, waya ta hira ce. Aiki sai kwamfuta." Ta ɗauko wani abu kamar faranti biyu da aka haɗa da ƙyaure, ta buɗe shi a kan tebur. Ta ajiye wani ɗan akwati kamar sabulun wanka a bakin taga, ta ce shi ke ɗebo sabis ya shayar da ita. Na ce, "Wato ita ba ta zuwa rijiya da kanta." Ta ce a'a. Na ce, "Matar kulle ce."

Da safiyar Juma'a muka zauna. Ta taɓa nan, ta taɓa can, sai kwamfutar ta yi shuɗi. Malama ta ce, "Kash. Tana gyara kanta, ba a katse ta." Muka jira ta gama shafe-shafenta. Da ta gama, ashe a cikin gyaran ta shanye datar da ke cikin ɗan sabulun nan tas. Aka sayo wata. Aka zo za a fara, aka ɗauke wuta, ita kuma tsohuwa ce, ba ta riƙe caji. Sai bayan an sauko daga masallaci maƙwabci ya tada janareto aka jawo mana wayar wuta ta katanga.

Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗa. Da ta buɗe, ta buɗe. Ga auta nan gabana, kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Ta yi fari, ta yi sumul, har tabon da ke goshinta, na faɗuwar da ta yi kan dutsen murhu tana rarrafe, babu shi. Na ce a raina, lallai ruwan Fatakwal ya karɓe ta. A can gefe kuma, cikin wata 'yar kusurwa, na hango wata tsohuwa ta ƙura mana ido, baki a tsuke. Na ce wannan uwar mijin ce, da ma sau ɗaya na gan ta, ranar biki. Na gyara mayafi na gaishe ta, "Hajiya, barkanmu da arziki. Ya ɗawainiya?" Ita ma bakinta na motsi, ba ta jira na gama ba. Na raɗa wa malama, "Baiwar Allahn nan ta lalace. Ji wuya kamar na zabuwa. Ga rashin ta-ido."

Malama ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta ce, "Inna, ke ce."

Na sake dubawa. Mayafina ne. Na ce, "To, Allah Ya ba ta lafiya," na mai da idona kan abin da ya kawo ni.

Auta ta kwance jaririn, ta kawo kansa kusa. Na ce ta juya shi hagu. Ga kunne nan, na mutum wannan karon, ya kai faɗin tafin hannuna. Na duba gabansa, inda ramin Malam yake. Na sa aka rage hasken taga. Na matsa har hancina ya taɓa gilashin. Fatar nan sumul take kamar bayan ƙwai, ko ɗigo babu. Na daɗe ina kallo. Sannan na ce su rufe shi kada ya sha iska.

Ban iya komawa gida ba. Asabar na hau motar Gagarawa, na sauka Gagarawa Tasha gidan ƙanwata, don a wajenta kaɗai nake iya yin shiru ba a tambaye ni dalili. Ita ma tana da nata abin. Ɗanta ya aiko mata da wata waya mai faɗin faifai, wadda ba ta shiga aljihu ba ta shiga lalita. Ba ta kiran kowa da ita. Wa'azi take ji da safe, da yamma ta tara matan unguwa su kalli wasan kwaikwayo, in zafi ya yi ta yi fifita da ita. Ta ce duk duniya ba abin da ya kai ta, don ita kaɗai ce ba ta sa ta neman tabarau.

Lahadi da hantsi na ce, gobe suna, kada in riƙe mutane. Na ɗauko 'yar ƙaramata na kira surukina. Murya tangaran, kamar yana bayan zana. Na ce, "Ɗana, na duba. Ban gani ba. Ka sa sunan mahaifinka, Allah Ya raya shi." Tunda magana ta ƙare, sai na faɗi abin da na ɓoye shekara da shekaru. Na ce wani ɗan rami nake nema a gaban kunnen hagu.

Sai na ji hayaniya, aka karɓe wayar. Wata murya mai kauri ta ce, "Hajiya, ni ce uwarsa. Wane rami? Na gaban kunnen hagu? Wanda nake ta bi da auduga tun ranar da aka haife shi, na ɗauka datti ne ya maƙale?"

Na zauna kan turmi. Ku lura fa, sunan mijinta ne zai tafi in ta faɗi haka. Da ta yi shiru, ba mai sani sai Allah.

Na ce, "Hajiya, Allah Ya saka miki. Amma na duba a kwamfuta, babu. Ni kuwa ba na faɗin abin da ban gani ba."

Ta ce, "Yo ina za ki gani! Wayar 'yarki hoda take shafa wa mutane. Rannan ta ɗauke ni da ita, na ga wata yarinya, na tambaya 'yar wace ce."

Ƙanwata da ke jin komai ta tafa hannu. "Yaya, gaskiya ne! Ni ma an ɗauke ni da irinta a biki, har wani gwauro a Gumel ya aiko tambaya." Nan na tuna tabon goshin auta. Ashe ba ruwan Fatakwal ba ne.

Na ji matar nan tana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. Ta sa ɗanta ya ɗauko tsohuwar wayarsa ta wajen aiki, mai fasasshiyar fuska, wadda ba ta iya ƙarya ba. Aka ɗauki kunnen a bakin ƙofa, cikin rana, aka turo wa faifan ƙanwata.

Sai dai a gidan ƙanwata wuri ɗaya ne sabis ke sauka, bakin turken awaki, kuma sai an ɗaga hannu. Muka je. Ita ta hau kan turmi ta ɗaga faifan sama da hannu biyu, ni na riƙe mata ƙugu. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar gilashin kamar akuya a turke. Bunsuru ya zo yana cin gefen zanena, ban iya korarsa ba.

"Yaya, hannuna ya gaji."

"Ki yi haƙuri."

"Wallahi da mijina ne da na ce a bar shi ya huta."

"Naki ai takwara uku na ba shi. Ɗaga."

Zoben ya cika. Ta sauko da shi. Ga fatar jariri ta gaskiya, da ƙurajen zafi, da ɗan saɓa, da gashi kwance. A gaban kunnen kuma, daidai inda na sani, ga shi nan. A faifan nan ya kai bakin ludayi, amma na san ƙwayar riɗi ɗaya za ta cika shi. Na sa yatsana a kai. Na ce, "Sannu da zuwa. Ka daɗe a hanya."

Washegari aka raɗa suna a Fatakwal, na ji kabbara da guɗa ta cikin 'yar ƙaramar wayata, ina zaune a tsakar gidan ƙanwata. Kada ku tambaye ni sunan. Ban taɓa faɗinsa ba Malam yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Duk wannan yawon, daga Ɗanzomo zuwa Maigatari zuwa Gumel zuwa Gagarawa, na yi shi ne a kan sunan da bakina ba zai taɓa furtawa ba. Angona nake ce masa.

Babban ɗana yana nan a kara. Ya sake waya, wadda ta fi waccan tsawo, ita ma in ya matsa bayan kara tsallakawa take. Dillalai har yau in farin bijimi ya shigo sai su ce masa ga babanka nan. Malama ta sa sola a gidanta, ta kuma ce har gobe aiki sai kwamfuta. In na je takan rufe 'yar kusurwar nan da takarda, don kada mu sake haɗuwa da tsohuwar. Ƙanwata ta sa an kafa mata doguwar sanda da ƙugiya a bakin turke, ta daina hawa turmi, gwauron kuma da ya zo ya gan ta ido da ido bai dawo ba. Auta ta cire hodar daga wayarta, tabonta ya dawo. Uwar mijinta ta zama ƙawata, ita ma ashe irin tawa take riƙewa, mai maɓallai. Duk Juma'a muna gaisawa, na kuma yi mata alkawarin in aka sake samun namiji zan duba shi da kyau, amma ban yi mata alkawarin abin da zan gani ba. Angon nawa yanzu yana gudu, an kawo mini shi da sallah, na juya kunnen da hannuna. Bijimin kuwa an ce Ikko aka kai shi.

Ga kunnuwanku nan, na mayar. Kowa ya shafa gaban nasa na hagu kafin ya tashi.